Saukar da Babu Wanda Ya Gani

"Na ji, kuma ban yarda ba. Kada ki sake kawo mini zancen yaron nan a gidana."

Baba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Auta ke nan. Da faɗa ya yi da sauƙi, don faɗan Baba ba ya wuce minti biyar. Amma idan ya yi magana a hankali yana juya cokali a kofin shayi, to kowa a gidan ya san an rufe ƙofa.

Tana durƙushe gefen kujerarsa, farar rigar makarantar koyon tuƙin jirgi na jikinta. Hutun kwana biyu ta zo, ko jakarta ba ta kwance ba.

"Baba, me ya yi maka? Ko ganinsa fa ba ka taɓa yi ba."

"Ba sai na gan shi ba. Makaniki ne ko ba makaniki ba ne?"

"Na jirgin sama ne, Baba. Injiniya ake ce musu, har lasisi gare shi."

"Spana dai spana ce, 'yar nan. Shekara talatin da huɗu na yi a ƙarƙashin motocin mutane, ga uwarki nan ki tambaye ta irin zaman da ta yi. Mota ta yi lafiya a yabi direba, ta lalace a zagi makaniki. Ke da Allah ya ɗaga, cikin mutum dubu huɗu aka zaɓi ashirin har da ke, shi ne za ki sauko ki auri irina?"

Inna ta leƙo daga ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Ni dai ban taɓa kai ƙararka wurin kowa ba."

"Ke ba da ke nake ba."

"Ai na ji an ambace ni ne."

Ta koma ciki. Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gwiwarta.

Ta san inda zancen ya dosa. Akwai Kyaftin, ɗan wani tsohon mai kawo wa Baba gyara, wanda yake tuƙa manyan jirage a kamfanin da ya ɗauki nauyin karatunsu. Shi ya kawo musu sanarwar ɗaukar ɗalibai har gida, shi ya koya mata yadda ake zama a gaban masu ganawa. Ba ta manta alherinsa ba. Amma jarrabawar lissafi ita ta zauna ta rubuta abarta, idon da likita ya haska nata ne, kuma ranar da aka saka ta a na'urar gwaji aka ce ta riƙe jirgi a miƙe tana amsa tambayoyi, babu wani Kyaftin a ɗakin. Yanzu sau biyu ke nan yana aiko wa Baba da maganar aurenta. Mutum ne mai tsabta da fara'a, sai dai idan ya fara ba ka labarin kansa, shayinka sai ya huce.

Shi kuwa Dogo, wanda ake wannan rigima a kansa, ko zancen soyayya bai iya ba. Wata takwas suna tare, kalma mafi daɗi da ya taɓa gaya mata ita ce, "Na duba miki taya sau biyu." Idan ta sauko daga sama zai taho da tsumma a aljihun baya, ya dafa hancin jirgin ya ce, "Ya ta yi miki yau?" kamar mai tambayar lafiyar ƙanwarsa. Auta kuwa wallahi wannan ya ishe ta.

"Baba," ta ce, "Kyaftin yayana na ɗauke shi."

"Yayyenki biyu, na san su, ni na haife su. Tashi ki je ki ci abinci."

* * *

Ranar Litinin da safe sunanta na kan allo: tashi ita kaɗai, karo na bakwai, a ƙaramin jirgi mai kujera biyu.

A makarantar nan ba a wasa da gargaɗi. Na farko da na biyu a fayil suke zama, na uku kuwa gaban kwamiti yake kai mutum, kuma waɗanda suka shiga ɗakin suka fito da rigarsu ba su da yawa. Auta tana da biyu. Ɗaya na jarrabawar yanayi da ta faɗi a zaman farko, ɗaya na ranar da ta haura tsayin da aka ba ta ba tare da izini ba. Saura wata huɗu ta gama wannan mataki a wuce da su manyan jirage.

Tashin ya yi kyau. Ta yi juye-juyenta a sama yadda aka koya mata, ta kira hasumiyar kula da jirage, aka ba ta izinin sauka. Ga titin jirgi shimfiɗe a gabanta, iska kwance lumui. Sai kalmar nan ta Baba ta faɗo mata a rai.

Irina.

Wai Baban da ya sayar da rabin kayan garejinsa don ta gama sakandare shi yake kiran kansa haka, kamar wani abin ƙyama. Idonta ya ciko. Kafin ta ƙifta ta dubi agogon gudu, ta wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba.

Ko ɗalibin da ya zo jiya ya san abin yi: ka ƙara wuta, ka koma sama, ka zagayo ka sake gwadawa. Babu mai yi maka dariya. Amma Auta, da yake ranar hankalinta ba ya jikinta, sai ta danna hancin jirgin ƙasa don ta tilasta masa zama.

Tayar gaba ce ta fara dukan kwalta. Jirgin ya yi tsalle, ya dawo, ya sake bugawa da wata ƙara da ta ji har cikin haƙoranta. A karo na uku ya zauna.

Ta jira a kira ta a rediyo. Shiru. Mai hasumiya yana fama da wasu jirage biyu a ɗaya gefen, malaminta kuma yana sama da wani ɗalibi. Babu wanda ya gani.

Ta ajiye jirgin a layinsa, ta kashe inji. Ta zagaya ta duba tayar, ba ta ga komai ba, ko kuma dai ba ta so ta gani ba. Ta buɗe littafin jirgin, inda kowane matuƙi yake rubuta abin da ya faru kafin ya miƙa wa na bayansa. Ta ɗauki biro ta rubuta: Babu matsala. Ta sa hannu.

A ɗakin cin abinci loma ɗaya ta gagare ta. Abokiyar ɗakinta, wata 'yar fara mai surutun tsiya, ta zauna kusa da ita tana murna.

"Ƙarfe biyu ni zan ɗauki jirgin da kika sauko da shi. Lafiyarsa ƙalau ko?"

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta ture faranti ta fita da sauri.

Tun daga nesa ta hango an janye jirgin zuwa cikin rumfar gyara. An buɗe murfin injin, kuma ga jan kati rataye a farfela, alamar kada kowa ya kuskura ya tayar da shi. Dogo yana tsugune gefen tayar gaba da tocila a hannu. Sauran ma'aikata duk sun tafi cin abinci.

Bai juyo ba ya ce, "Zo ki gani."

Ta matso. Ya haska mata bayan injin, inda ƙafar gaba take haɗe da jikin jirgin. Ƙarfen wurin ya tattare kamar takardar da aka dunƙule aka sake miƙarwa.

"Da aka ajiye shi na lura hancinsa ya ɗan sunkuya," ya ce. "Da ya sake tashi, wajen sauka ƙafar nan za ta iya karyewa."

"Dogo..."

"Kin ji ciwo?"

Tambayar da ta karya ta ke nan. Ta zaci faɗa zai yi. Ta durƙushe a kan simintin nan mai maiƙo, da farin wandonta da komai, ta fashe da kuka.

"Ban ji ciwo ba. Tsoro na ji. Gargaɗina biyu, ka sani. Idan aka kore ni da wane ido zan kalli Baba? Duk unguwarmu matuƙiya ake kirana, yara har bin bayana suke yi. Inna ta manna hotona a jikin firji. Dogo, ka rufa mini asiri, don girman Allah."

Ya kashe tocilar.

"Auta, duk abin da na mallaka idan kika ce in ba ki, ba zan tambaye ki dalili ba. Amma jirgin nan ba zai tashi ba, kuma sai na rubuta abin da na gani."

"Ko da za a kore ni?"

"Ko da za ki daina kula ni."

"Ashe son naka iyakarsa baki!"

"Ni da ban ma iya faɗarsa da bakin ba?" Ya yi wani ɗan murmushi wanda ya fi kuka ciwo. "Ki yi tunani, da wani ne ya buga shi haka ya yi shiru, ke kuma kika hau da ƙarfe biyu fa? Ni ne zan je in kwaso ki a kan titin can. Kullum kika tashi ba na iya zama sai na ji ƙarar injinki ya dawo. Waccan yarinyar ma akwai mai jiran ta."

Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

"Sunanki ba zai fito daga bakina ba," ya ce a hankali. "Aikina in faɗi abin da ya sami ƙarfe. Wanda ya tuƙa, shi zai faɗi nasa. Ƙarfe ɗaya da rabi zan kai takardata ofishin babban malami. Tashi, kin ɓata wandonki."

Ta fita ta zagaya bayan rumfar, inda ake jera gangunan mai. Da yake mai neman mafita ba ya zaɓen ƙofa, sai ta kira Kyaftin. Bugu ɗaya ya ɗauka. Ta gaya masa komai tana shessheƙa.

"Tsaya, tsaya, ƙanwata. Me kika rubuta a littafin?"

"Babu matsala."

"Madalla, ashe kina da wayo. To ki tsaya a kan haka ko za a yanka ki. Ba a gan ki ba, ba a ji ki ba. Idan matuƙi ya ce lafiya ya sauka, wa kike tsammani za a tambaya? Wanda ya yi wa ƙafar aiki a ƙarshe ya sa hannu. Za a ce tun can da lahanin, shi ne bai gani ba."

Makon jiya da idonta ta ga Dogo ya kwance ƙafar nan ya mayar.

"Idan aka ce laifinsa ne, me za a yi masa?"

"A karɓe lasisinsa mana. Ba wannan dogon yaron ba ne da ake ce yana damun ki? To kin ga an huta gaba ɗaya. Ni zan yi magana da mutanena, ke dai ki share hawayenki."

Ta sauke wayar ba tare da sallama ba.

Ashe Dogo ya sani. Tun yana tsugune yana haska mata ƙarfen nan ya san cewa idan ta yi shiru, a kansa abin zai ƙare. Shekara shida ya yi yana neman lasisin nan, da shi yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa uku. Amma bai ce mata uffan ba, don kada ya ɗora mata nauyi. Sai ma wandonta da ya dame shi. Kai, wannan bawan Allah!

Ta dubi agogo. Ɗaya da minti ashirin da biyar.

Da gudu ta haye matakalar ofis. Ta same shi a bakin ƙofa, takarda a hannu, ya ɗaga yatsa zai ƙwanƙwasa.

"Matsa," ta ce tana haki. "Ni zan fara shiga."

Babban malami tsoho ne mai furfura har a gira, wanda aka ce ya fi shekara arba'in yana sama. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba. Sannan ya jawo littafin jirgin, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan rubutunta.

"Mummunar sauka ba ta dame ni ba, 'yata. Ni ma na yi, duk wanda ya ce miki bai taɓa yi ba maƙaryaci ne. Kalmomin nan biyu su ne suka dame ni. Wata rana mutum ɗari biyu za su zauna a bayanki, ba su san ki ba, ba su ga fuskarki ba. Abin da kika rubuta kawai suka dogara da shi."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Wani ne ya turo ki?"

"Babu wanda ya turo ni."

"To zan rubuta cewa da ƙafarki kika zo, kafin rahoton injiniya. Zai yi miki amfani, amma ban yi miki alkawarin komai ba. Ki tattara kayanki ki tafi gida. Kwamiti zai zauna nan da mako biyu."

* * *

Labari ya riga ta isa gida, kuma a karkace ya isa. Kyaftin ya kira Baba ya ce makanikin nan ne ya tona mata asiri. Ta yi rantsuwa, ta yi bayani, Baba ya ce ta rufe masa baki. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. Inna kuwa ba ta cire hoton daga jikin firji ba, kullum sai ta goge shi da gefen zaninta.

Ranar Alhamis da la'asar aka yi sallama a ƙofa. Auta na jin muryar ta saki tsintsiyar da ke hannunta.

"Wane ne?" in ji Baba.

"Ni ne makanikin, Baba."

Inna ta dafe ƙirji. Baba ya ce a shigo. Dogo ya sunkuya ya shigo falon, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar. Auta ta laɓe a bayan labule, zuciyarta kamar ta faɗo.

"Kai ne ka hana jirgin tashi?"

"Ni ne."

"Ka san 'yata ce ta tuƙa shi?"

"Na sani."

"Ta roƙe ka ka yi shiru?"

Kafin Dogo ya buɗe baki, Auta ta yaye labulen ta fito.

"Na roƙe shi, Baba. Har da kuka. Ya ƙi."

Baba bai kalle ta ba. Idonsa na kan Dogo.

"Kana son ta, ta yi maka kuka, ka ƙi. To me ya kawo ka gidana?"

"Na zo ne in ce kada a yi fushi da ita. Kuskure ta yi na minti ɗaya, kuma ita ta gyara abinta, ban kai ƙararta ba. Da ta yi shiru ni za a kora, ta sani, ga shi ita ce a gida ni ina wurin aiki. Idan akwai wanda za a ji haushi, ni ne. Amma Baba, ko gobe aka sake, haka zan yi. Gara in gaya maka gaskiya tun yanzu."

Baba ya cire tabarau ya ajiye a hannun kujera.

"Ta yaya ka gane? An ce daga waje ba a ganin komai."

"Hancinsa ne ya sunkuya, bai fi faɗin yatsa biyu ba."

"Yatsa biyu," Baba ya maimaita. Ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya san abin da ake nufi.

Sai ya juya wajen Inna, wadda ke tsaye a ƙofar kicin.

"Kin tuna direban bas ɗin nan mai yawan dariya? Wanda yake kawo wa yara alewa?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Na tuna shi."

"Shekarar da aka haifi Auta ne. Ya kawo mini mota, na ga bututun birki ya tsufa, na ce sai an canza. Ya riƙe hannuna yana roƙo, wai fasinja sun cika a tasha, in bar shi ya je ya dawo, gobe da sassafe zai kawo. Abokina ne. Na ji kunyarsa, na ɗaure masa da waya na ce ya tafi a hankali." Baba ya girgiza kai. "Bai dawo ba. Shi da mutum biyar. Babu wanda ya taɓa tuhumata, an ce gudu ne ya yi yawa. Ko ke ban taɓa gaya miki ba sai yau."

Auta ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba. Ta rarrafa ta dafa gwiwarsa, ita ma tana yi. Ya ɗora hannu a kanta, ya bar shi a nan.

"Ni abokina kawai na kasa ce wa a'a," ya ce wa Dogo. "Kai ka ce wa wadda kake so."

Sannan ya gyara zama ya tambaye shi.

"Mahaifinka yana raye?"

"Ya rasu, Baba. Sai ƙaninsa."

"To ka gaya wa ƙanin nasa ina son ganin sa."

Auta ta ɗago da jajayen idanu, ba ta yarda da abin da kunnenta ya ji ba.

"Baba, kwamitin fa bai zauna ba. Idan suka kore ni fa?"

"Idan suka kore ki, ki dawo gida, ɗakinki yana nan," in ji Baba, yana share fuska da hannun riga. "Idan kuma suka mayar da ke, to ni dai ba zan iya hana ki hawa sama ba. Amma duk jirgin da za ki hau, ina so a ce wannan yaron ne ya duba shi."